Asama'u, An Yi Dashen Bana

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Asama'u Ishaku a wani asibiti a Maraɗi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Bayan la'asar aka yi mata sutura a can, inda gidan mijinta yake. Wanda Ya ba mu aronta Shi Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu wurinSa muka dosa. Ta bar miji da 'ya'ya biyu da mahaifiya tsohuwa, ta kuma bar wani ƙauye a bakin gulbi, tsakanin Tibiri da Gidan Rumji, wanda har yau bai gama yarda da labarin ba.

Ma'u, tun da muke ban taɓa ce miki Dakta ba, kuma ba yau zan fara ba. Ni ne Sha'ibu, ɗan kawunki Rabo, taubashinki da kike kira Dogo. Mahaifinki ya rasu kina goye, Gwaggo Hauwa ta dawo gidan yayanta da ke, muka tashi tsakar gida ɗaya. Na riga ki shiga lakol, wato makarantar boko, na riga ki fita, na koyar a ƙauye har na ajiye alli na koma gona. Ke kuwa kika yi ta wucewa, Maraɗi, Yamai, ƙasashen waje, kika dawo da babban digiri a kan shinkafa. Na ce miki duk wannan wahala a kan abin da Gwaggo ke dafawa ba tare da ta shiga aji ba. Kika ce in yi haƙuri, karatu na gajeru ne, mu dogaye kafin magana ta hau kanmu an tashi daga aji. Wasan cika-cikin bana ma ba mu samu mun yi ba, kina kwance.

Ranar da muka dawo daga jana'izarki, mata sun cika gidanmu wurin Gwaggo. Inna Fati, wadda ita ce babba cikin matan garinmu masu riƙon marayu, ta tare ni a zaure. Ta yi mini gaisuwa, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, da sunan da ake kiran malamin lakol, "Mushe, to bana wa za shi tsaya muna bakin reno?" Dashen shinkafa saura 'yan kwanaki, kuma rabon da masu marayu ke samu a ranar dashe, wanda shi ne abincin gidajensu na shekara, ke ce kike tsaye a kansa. Don wanda bai san garinmu ba ya ji nauyin wannan tambaya, sai na koma baya kaɗan.

Mu mutanen hatsi ne, wato gero. Kakanninmu hatsi suka noma, hannunmu da idonmu a kansa suka saba. Idan hatsi ya tsiro da yawa a rami ɗaya, ka cire ƙanana ka bar manya. Idan kaka ta yi, maigida ya zaga gona ya zaɓi dogayen zangarnu ya ɗaure su daban don iri. Ba wanda ya taɓa koya mana wannan da baki, haka muka tarar. Shinkafa baƙuwa ce a wurinmu. Shekarun da damina ta riƙa yanke mana ne aka share fadamar Jaye, aka raba ta, kowane gida ya sami ɗan abin da ya samu. Aka yi wurin reno guda ɗaya na gari duka, inda ake watsa iri ya tsiro, in ya yi ƙwari a cire a kai gonaki a dasa.

To, da idon hatsi muka shiga renon nan. Ranar dashe Sarkin Noma Labo ke fara shiga, ya zaɓi dogaye, waɗanda suka ɗara 'yan'uwansu tsawo. Daga shi sai dattawa, sai magidanta, kowa hannunsa na kai wa wadda ta fi tsawo. Abin da ya rage, gajeru masu duhun ganye da kowa ya tsallake, shi ake bar wa masu marayu su kwasa, a ce an yi sadaka. Kuma irin da za a watsa baɗi, don girmamawa, daga gonar Sarkin Noma ake ɗiba.

Shekara bayan shekara, gonakin manya su tashi da kyan gani, sannan su fara lalacewa. Wasu su bushe a tsaye, wasu ganye ya ƙone tun daga tsini ya gangaro, waɗanda suka kai ga fitar da kai kuwa ka murza ka ji ƙaiƙayi. Can gefe, gonakin matan nan su cika fal. Da farko aka ce albarkar marayu ce, kowa ya ce haka ne. Da abin ya yi ta maimaituwa sai magana ta canja launi. Aka fara cewa Inna Fati ba ta bar gonakin mutane haka ba. Ni da kunnena na ji an faɗa a bakin masallaci, kuma waɗanda suka faɗa har yau muna gaisawa da su. Mata suka rage shiga gidanta, jikokinta suka daina zuwa ɗiban ruwa sai rijiya ta watse.

A cikin wannan hali kika zo ganin Gwaggo, ranar dashe ta riske ki a gari. Abin da ya burge ni da ke, Ma'u, ba ki buɗe baki ba ranar nan. Mun sha ganin masu zuwa da mota su tsaya a kan tudu su yi mana jawabi, takalminsu ko laka bai taɓa ba. Ke kika ɗaure zane, kika shiga ruwan, kika taya Gwaggo dasa nata gajerun, kina kallon hannun kowa. Da aka tashi kika roƙi Sarkin Noma ya ba ki 'yan dogaye kaɗan, kika naɗe su a jiƙaƙƙen buhu kika tafi da su wurin aikinki.

Da kika dawo, ni kika fara yi wa bayani, kika ce in Dogo ya gane to kowa zai gane. Kika ce kowane tsiro yana haɗa wani sinadari a jikinsa, ɗan mitsitsi, wanda shi ke ba shi umarnin ya yi tsawo. A cikin tsiron kuma akwai ƙwayoyin gado, waɗanda kowacce da aikinta: wasu na tsawo, wasu na kare kai daga cuta. Idan sinadarin nan ya zo daidai, komai na tafiya daidai. Idan ya yi yawa, sai ya tada ƙwayoyin tsawo, ya kwantar da wasu daga cikin na tsaro. Kamar gidan da aka kwashe samarinsa duka aka sa su ɗaga katanga, aka bar ƙofa ba kowa. Sannan kika faɗi abin da ya sa na ajiye kofin shayina. Akwai wata cuta, dangin funfuna, da ke maƙale a ɓawon iri, ita ma ta iya haɗa wannan sinadarin. Tana shiga tsiro tun yana jariri ta ɗura masa, sai ya miƙe ya yi zaƙwal, siriri, ganyensa fari-fari, saiwarsa ba ƙarfi. Tsawon nan da muke rububi, ciwo ne. Mu da hannunmu muke tsince marasa lafiya mu kai gonakinmu, mu bar wa masu marayu lafiyayyu, sannan mu ɗebi irin baɗi daga gonar da cutar ta fi yawa.

Kin san baki kaɗai ba zai shigar da wannan a kan mutanen hatsi ba. Kika sa aka tara miki gwangwanayen tumatir, kika shuka shinkafa mai lafiya a ciki, kika jera su a ƙofar gidanmu inda kowa ke wucewa. Lokacin akwai wani maganin feshi da Alhaji Kamal, mai shagon kayan noma a kasuwar Gidan Rumji, yake kawowa, wanda ake kira maganin tsawo, mutanenmu sun fara fesa wa reno don shuka ta yi saurin miƙewa. Kika fesa wa rabin gwangwanayen, kika bar rabi. Da suka tasa, kika jiƙa ƙonannun ganyaye daga fadama a ruwa, kika tsoma almakashin Gwaggo a ciki, kika datse tsinin ganyen kowacce, wadda aka fesa da wadda ba a fesa ba. Kika ce a bar su, kowa ya riƙa dubawa da kansa. Ba a daɗe ba aka ga bambanci. Gajerun, ƙunar ta ɗan taɓa baki ta tsaya. Dogayen da suka sha feshi kuwa ta bi ganyen ta gangara. Gwaggo ta yi ta faɗa a kan almakashinta, ta ce da shi take yanke wa jikoki farce.

Alhaji Kamal ba ki tozarta shi ba. Kafin ki jera gwangwanayen kika je shagonsa, kika gaya masa abin da za ki yi, kika ce maganin yana da inda yake amfani, amma ba a renon shinkafa ba. Shi da kansa ya zo ya duba, ya daɗe tsugune, daga ranar ya daina sayar wa 'yan fadama. Sarkin Noma Labo ne ya fi wuya. Ya ce miki, "Ɗiyata, tun da nit tashi ban taɓa ganin inda anka tumɓuke babba anka bar ƙarami ba." Kika durƙusa kika ce, "Baba, ga hatsi gaskiyarku ta, kada ku sake ko kaɗan. Shinkafa ce halinta daban." Wannan kalma ta ba shi inda zai sa ƙafa ya sauko ba tare da ya ji kunya ba. Shekarar aka tuge dogaye daga gonaki aka ƙone, aka ɗebi iri daga gonar Inna Fati, kika koya mana tace shi a ruwan gishiri, a zuba gishiri har ƙwai ya taso, a kwashe duk ƙwayar da ta yi iyo. Ƙwan kazata kika yi ta ɗauka, kuma ko ɗaya ba ki maido ba.

Waɗanda suka ɓata sunan Inna Fati ba wanda ya je ya ba ta haƙuri da baki, kin san halinmu. Amma mata suka koma shiga gidanta, aka koma kiranta wankan jego da rabon goron suna. Ta ce mini ranar da aka zo ɗibar iri a rumbunta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce ilimi ya yi aikinsa. Amma dashen da ya biyo baya ya zo da abin da ba wanda ya hango, har ke. Yanzu kowa ya san gajeru su ne na ƙwarai. Sarkin Noma ya shiga ya ɗiba, dattawa suka ɗiba, magidanta suka ɗiba, kowa ya cika hannu don gudun kada ya rasa. Da aka zo kan masu marayu, ba abin da ya rage sai 'yan dogayen da za a ƙone. Sadakar da muke taƙama da ita ashe abin da ba mu so ne muke bayarwa, ranar da muka gane darajarsa sai muka riƙe. Matan nan suka koma gida hannu wofi. Inna Fati ta je ta same ki wurin Gwaggo, ta ce, "Ɗiyar Hauwa, kin wanke min suna, Allah Shi biya ki. Amma da ana zagina ina da abinci."

Ban taɓa ganin ranki ya ɓaci irin na ranar ba. Ke da aka yi renonki da abin da wasu suka rage, kin san abin da maganar ke nufi. Kika sa aka nemo musu dashe daga wani gari, ya zo a makare, abin da suka samu shekarar bai taka kara ya karya ba. Kika ce mini kin yi shekaru kina nazarin abin da ke kwantar da tsaron shinkafa, ba ki tsaya kin duba abin da maganarki za ta taɓa a cikin gari ba. Kika je wurin Sarkin Noma da liman, kika yi ta zarya, har aka yarda da sabon tsari: ranar dashe masu marayu ke fara shiga reno, su ɗebi abin da zai ishe su, sannan Sarkin Noma, sannan sauran jama'a.

An yarda da baki, amma zuciya ba ta gama yarda ba. Kowace shekara sai an sami masu gunaguni. Wani ya ce rana na yi, wani ya ce ya ɗauko 'yan ƙwadago suna jira, wani ya ce a ina aka taɓa ganin mata gaban Sarkin Noma. Shi ya sa kowace ranar dashe, duk inda kike, sai kin zo. Ki bar buro, wato ofis, ki bar ɗalibai, ki zo ki tsaya a bakin reno da 'yar lemarki, kina gaisa da kowa da sunansa, kina tambayar iyali. Ba ki taɓa ɗaga murya ba. Amma ba namijin da zai iya tsallake ki ya shiga. Wata shekara da tsohon ciki kika zo, mijinki Malam Musbahu ya kawo ki, ya zauna a mota yana ta duban agogo.

Aikinki bai tsaya a kanmu ba. Kin zaga fadamun Gazawa da Agye kina karɓar irin da tsofaffin mata ke ɓoyewa a tukwane. A Gangara kika samo wata 'yar jar shinkafa da kike zaton ba ta cika jin umarnin sinadarin nan ba, ko an ɗura mata ba ta sakin tsaronta da sauƙi. Kina ɗokinta kamar 'yar fari. Kika ce tukuna, sai an gwada an sake gwadawa kafin a yi wa manoma alkawari. Malama Zahra'u, abokiyar aikinki, ta zo gaisuwa, ta ce in gaya wa Gwaggo aikin na nan a hannunsu, ba za a ajiye shi ba. Na yarda da ita, don na ga takalminta da laka.

Yanzu bari in ba ki labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar da ta wuce aka yi dashe. Na fita da sassafe ina fargaba, don na san mutanena, kuma na san ni ba ke ba ne. In na tsaya a bakin reno za a ce Mushe kauce ka ba mu wuri. Na tarar maza sun taru, kowa da igiyarsa da kwandonsa. Masu marayu kuwa ba ko ɗaya. Ashe suna gidanmu, sun ce ba za su bar Gwaggo ita kaɗai ba sai ta sa wani abu a bakinta, ita kuwa ta ƙi ci. Ina jin kuma, a ransu, sun riga sun fid da rai.

Rana ta ɗaga. Aka fara motsi. Wani magidanci, ba zan faɗi sunansa ba, ya naɗe wando ya ce ai mai dokar ta tafi, Allah Ya ji ƙanta, kuma ga shi matan ma ba su zo ba. Wasu suka matso bayansa. Sarkin Noma Labo, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, yana zaune a kan kunyar gona. Sai ya miƙe a hankali, ya tako har bakin reno, daidai inda kike tsayawa, ya sake zama a ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa a kan hanyar shiga. Ya ce, yana nufin Inna Fati, "Ni ba ni shiga sai Hwati ta shiga. Wanda duk ka gaugawa, ga ni, shi ƙetare ni." Mai naɗe wando ya tsaya, ya dubi tsohon, ya warware wandonsa. Alhaji Kamal, da ya zo duba gonar ƙanensa, ya hau babur ya tafi kiran matan.

Muka zauna cikin rana, garin maza guda, muna jiran tsofaffin mata. Da suka iso, Gwaggo na cikinsu. Ta ce in dai dashe ne ba za a yi ba ita ba, kuma ta sha kunu kafin ta fito. Inna Fati ta tsaya ta dubi taron, ta dubi renon da ba a taɓa ko tsiro ɗaya ba, ta rufe fuska da mayafi. Sarkin Noma ya janye ƙafafunsa ya ce, "Bisimilla, Hwati, rana na yi." Ta shiga, sauran suka bi ta. Ni dai na juya baya ina kallon gulbi, don bai kamata a ga tsohon mushe yana hawaye gaban waɗanda ya koyar ba.

Sun ɗebi abin da ya ishe su, Ma'u, kuma ya ishi kowa. An tuge 'yan dogayen da aka gani, ba su da yawa bana, an ƙone. Jiya na zaga fadamar, dashen ya kama, ya yi duhun ganye. Na yi kewarki ƙwarai, na rasa wanda zan ba labari ya yi mini dariya, shi ya sa na rubuta.

Ya Allah, baiwarKa Asama'u ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka sa duk loma da wani maraya zai kai baki daga fadamar nan ta zama nauyi a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Malam Musbahu, da 'ya'yanta Munir da Ummukulsum, da danginta na Tibiri, da abokan aikinta da ɗalibanta, da matan Gangara da suka yi tattaki suka zo gaisuwa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Gwaggo Hauwa, ke kika goya ta ke kaɗai, yau kuma ke kika rasa ta. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya haɗa ku inda ba rabuwa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon jiran masu rauninmu baɗi kamar yadda muka jira su bana, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.